Wasiƙar shaidar da jami'a ba ta wajabta ba: a tura ko a bari?

Wata ɗaliba da ta kammala sakandare, wadda ke neman gurbin karatun digiri na farko a Amurka, ta aiko da tambaya. Daga cikin jami'o'in da take cike fom ɗinsu, wasu sun wajabta wasiƙar shaida daga malamai, wasu kuma sun ce turawa ganin dama ne. Kawunta ya kawo shawarar a je wurin wani ɗan majalisa da suke da sanayya da shi domin ya rubuta mata, saboda a ganinsa sunan babban mutum zai fi nauyi. Tana so ta san ko rashin tura wasiƙar zai rage mata daraja, da kuma wanda ya dace ya rubuta idan za a tura.

'Yata, amsar da zan ba ki ta rataya ne a kan abu ɗaya. Wasiƙar da ba a wajabta ba tana da amfani ne idan wanda ya rubuta ta ya yi miki sani na kusa, kuma zai faɗi abin da babu shi a sauran takardunki. Idan kina da irin wannan mutum to ki tura, domin a matsayinki na mai nema daga Najeriya kin fi ɗalibin Amurka buƙatarta. Idan kuwa ba ki da shi, barin gurbin babu komai ya fi cike shi da takardar da ba ta ce komai ba. Shawarar kawunki, duk da kyakkyawar niyyarsa, ina roƙon ki da ki lallashe shi ya janye ta, kuma zan zo kan dalili.

Ba abin mamaki ba ne idan lamarin ya ɗaure miki kai, domin tsarinmu na gida bai saba mana da shi ba. A nan makin JAMB da sakamakon WAEC ko NECO da tantancewar da jami'a ke yi bayan haka su ne ginshiƙi, takardar shaidar hali da makaranta ke bayarwa kuwa ajiye ta ake yi a fayil, ba safai wani ke karanta ta don yanke hukunci ba. A Birtaniya ma, inda ake nema ta UCAS, wato hukumar da ke karɓar fom ɗin neman jami'o'in ƙasar, shaida ɗaya ake buƙata kuma dole ce. Amurka ce kowace jami'a ke da nata ƙa'idar, kuma bambancin da ke tsakaninsu mai faɗi ne.

Akwai waɗanda ba sa so kwata-kwata. Jami'ar Kalifoniya, da rassanta tara masu ba da digiri na farko, ba ta karɓar wasiƙar shaida tare da fom, sai dai wani reshe kan nemi a kawo daga baya idan yana buƙatar ƙarin bayani a kan wani ɗalibi. Dalilin a bayyane yake, tunda reshen Los Angeles kaɗai ya sha karɓar fom sama da 140,000 na sababbin ɗalibai a shekara guda. Jami'ar Washington da ke Seattle ita ma ta ce kada a aiko. A irin waɗannan wurare, dagewa sai an tura ta imel yana nuna ba a karanta ƙa'ida ba ne kawai. A ɗaya ɓangaren akwai irin su MIT, wadda ke neman wasiƙu biyu na malamai, ɗaya daga malamin lissafi ko kimiyya, ɗaya daga malamin harshe ko ilimin zamantakewa da dangoginsu, ban da rahoton makaranta. Stanford ma biyu take nema daga malamai da ɗaya daga mai ba ɗalibai shawara, sannan ta ba da damar ƙara ɗaya tak ga wanda ya so. Jami'ar Texas da ke Austin kuwa ta daɗe tana barin wasiƙar gaba ɗaya ga zaɓin mai nema. Kin ga ke nan yanayi biyu ne kike iya cin karo da su, kuma hukuncinsu ba ɗaya ba ne: jami'ar da ba ta wajabta ko ɗaya ba, da jami'ar da ta riga ta karɓi biyu ko uku na dole sannan ta buɗe ƙofar ƙari. A yanayi na farko, wasiƙar malami ɗaya mai kyau ita ce kaɗai muryar wani mutum dabam a cikin fayil ɗinki, don haka kusan kullum ina ba da shawarar a tura. A yanayi na biyu kuwa sharaɗin ya fi tsauri, domin mai karatu ya riga ya ji daga bakin mutum uku, na huɗun sai ya zo da sabon abu kafin ya cancanci lokacinsa.

Akwai kuma jami'ar da ke cewa ba dole ba ne amma tana ƙarfafa gwiwar a tura. Dartmouth ce fitaccen misali, inda take son wasiƙa daga tsaran ɗalibi, wato aboki ko ɗan aji ko ɗan'uwa. Duk inda kika ga an ƙarfafa gwiwa, ki ɗauke shi tamkar wajibi, domin akasarin waɗanda za ki yi takara da su za su tura.

Wata hanya da ɗalibanmu da yawa ba su sani ba ita ce takardar da ake kira Common Data Set, wadda jami'o'in Amurka da dama ke fitarwa kowace shekara a shafukansu na intanet. Ki rubuta sunan jami'ar tare da sunan takardar a wurin bincike, ki gangara sashe na C7. A nan jami'ar da kanta ta jera abubuwan da take dubawa wajen ɗaukar ɗalibai, ta kuma sanya kowanne a ɗaya daga matakai huɗu: mai matuƙar muhimmanci, mai muhimmanci, abin da ake la'akari da shi, da abin da ba a dubawa. Wasiƙar shaida na cikin jerin. Idan jami'a ta sanya ta a mataki na ƙarshe, kada ki wahalar da malaminki. Idan ta sanya ta a mataki na farko ko na biyu alhali fom ɗinta ya ce ganin dama ne, to kin san inda zuciyarta take.

Na ce kin fi ɗalibin Amurka buƙatar wasiƙar, kuma wannan shi ne wurin da nake so ki fi tsayawa. Jami'in da zai karanta fayil ɗinki yana iya sanin makarantun yankin da aka ba shi a ƙasarsa ciki da waje, ya san wadda ke tsaurara maki da wadda ke sassautawa. Makarantarki kuwa wataƙila bai taɓa jin sunanta ba. Zai ga A1 a kimiyyar sinadarai, amma bai san ko ɗalibai nawa ne suka samu irin wannan a makarantar ba, bai san yawan ɗaliban ajinku ba, bai san ko ɗakin gwaje-gwajenku na da kayan aiki ba, kuma idan ya ga makinki ya faɗi a wani zango ba shi da hanyar sanin ko rashin lafiya ne ko rufe makaranta ko sakaci. Idan ke ce kika yi wannan bayani da kanki, ana iya ɗaukarsa a matsayin neman uzuri. Idan malami ne ya yi shi a takarda mai tambarin makaranta, ya zama shaida. Ga kuma batun kuɗi. Idan kina neman cikakken tallafin karatu, ki sani cewa jami'o'in da ba sa duba buƙatar kuɗin ɗalibin waje lokacin ɗauka ƙalilan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst. A sauran, mai neman tallafi daga ƙasar waje yana cikin takara mafi zafi, inda kusan kowa sakamakonsa mai kyau ne, kuma ƙananan abubuwa ne ke raba gardama. Har ila yau, wasu jami'o'in da ba su wajabta wasiƙa don ba da gurbi ba sukan neme ta don tallafin karatu ko shirin haziƙan ɗalibai, saboda haka ki duba shafin tallafin dabam, kada ki tsaya a shafin neman gurbi.

Mu koma kan ɗan majalisa. Tunanin kawunki ya samo asali ne daga yadda abubuwa ke tafiya a wurare da yawa a nan, inda takarda daga babban mutum ke nufin ana neman alfarma kuma wanda aka kai wa yana jin nauyin ƙin yi. Jami'in ɗaukar ɗalibai a Amurka ba ya bin wannan ɗan majalisa bashin komai, ba ya kuma jin nauyinsa. Abin da yake nema a wasiƙa shi ne amsar tambayoyi sanannu: ta yaya wannan yarinya take tunani, me take yi idan karatu ya yi mata tsauri, yaya take zama da mutane. Idan ana binciken aure, maƙwabta da abokan zama ake tambaya halin yaro, ba a zuwa wurin hakimin da bai taɓa ganinsa ba, kuma haka wannan lamarin yake. Wanda bai taɓa koyar da ke ba, bai taɓa ganin aikinki ba, abin da zai iya rubutawa bai wuce cewa ke 'yar gidan mutunci ce kuma ya san iyayenki. Mai karatu zai gane hakan tun daga layin farko, kuma illar ba ta tsaya ga rashin amfani ba, domin tana iya sa shi ya ɗauka cewa kin fi dogara da hanya a kan cancanta. Da a ce kin yi aiki na watanni a ofishin mutumin, ya sa ki wani aiki ya ga yadda kika yi shi, da maganar ta sauya, amma a lokacin ma sanin da ya yi miki ne ke da daraja, ba kujerarsa ba.

A 2017 wata tsohuwar jami'ar ɗaukar ɗalibai a Dartmouth, Rebecca Sabky, ta rubuta a jaridar New York Times cewa wasiƙar da ta fi tsaya mata a rai ita ce wadda mai sharar wata makaranta ya rubuta wa wani ɗalibi. Mutumin ya bayyana cewa yaron ya san sunan kowane ma'aikacin tsafta a makarantar, yana kashe fitilun azuzuwan da babu kowa, yana kuma gyara wurin da 'yan'uwansa suka ɓata ko da ba mai ganinsa. An ɗauki yaron. Darasin da ke ciki ba shi ne kowa ya ruga wurin mai shara ba, domin wannan ma zai iya zama kwaikwayo. Abin lura shi ne wannan mutum ya ga wani ɓangare na yaron wanda malaman aji ba su da damar gani.

Da wannan ma'auni za ki auna mutanen da ke kewaye da ke. Common App, wato shafin intanet na cike fom ɗin neman jami'o'i da yawa a lokaci guda, wanda aka kafa a 1975 kuma jami'o'i sama da 1,000 ke amfani da shi yanzu, ya ware gurbi ga masu ba da shaida waɗanda ba malaman aji ba, ciki har da mai horar da wasanni da wanda aka yi aiki a ƙarƙashinsa da malamin addini. Malamin Islamiyyar da kika yi shekaru a gabansa, wanda ya ga yadda kika jure hadda har ya ba ki ajin ƙananan yara kina koyarwa, ya cancanci wannan gurbi fiye da kowane mai muƙami. Haka ma ma'aikaciyar jinyar da kika taya aikin sa-kai a asibitin unguwa, ko mai shagon ɗinkin da kike riƙe wa lissafin ciniki a lokacin hutu. Idan mutumin ba ya rubuta Turanci, ya rubuta da Hausa ko Larabci ko Faransanci, a haɗa da fassara ta gaskiya wadda wani amintacce ya yi, ba ke ba. Iyaye da 'yan'uwa na jini kuwa a bar su, sai fa inda jami'a ta buɗe musu ƙofa da kanta.

Samun mutumin da ya dace rabin aiki ne, domin malamanmu da yawa, duk da ƙaunar da suke yi wa ɗalibansu, sun saba da rubuta shaida mai layi huɗu ko biyar: ɗalibar tana da ladabi da biyayya, tana da ƙwazo, ba a taɓa samun ta da laifi ba, ana yi mata fatan alheri. A wurinmu wannan babban yabo ne, kuma kawaici ne ke hana malami wuce haka. Amma mai karatu a can ya saba da wasiƙa mai shafi guda cike da misalai, don haka gajeriyar shaida tana iya zame masa alamar cewa malamin bai san ɗalibar ba, ko kuma ba shi da abin faɗa a kanta. Ki kwatanta wancan da malamin kimiyyar lissafi da zai rubuta, a misali, cewa ajinsa na da ɗalibai sama da saba'in, kayan gwajin lantarki saiti ɗaya ne, kuma wannan yarinya ce ta tattaro tsofaffin batura da wayoyi ta haɗa wa rukuninta nasu, gwajin ya ƙi aiki a karon farko, ta dawo bayan an tashi ta gano inda wayar ta katse, sannan ta nuna wa sauran rukunoni yadda za su yi. Bai ce tana da ƙwazo ba, amma mai karatu ya gani da idonsa, ya kuma fahimci yanayin makarantar a lokaci guda. Fom ɗin malami a Common App yana da wani jadawali ma, inda ake so ya kwatanta ɗalibi da sauran waɗanda ya koyar ta fuskar hazaƙa da rubutu da himma da sauransu, tun daga ƙasa da matsakaici har zuwa cikin 'yan kaɗan da ya taɓa gani a tsawon aikinsa. Yana da kyau malamin ya san da wannan tun kafin ya buɗe shafin.

Abin da ya halatta ki yi shi ne ki je wurin malamin da kanki cikin ladabi, ki tambaye shi ko yana ganin ya san ki sosai har ya rubuta shaida mai ƙarfi. Idan kika ga yana jan ƙafa, ki gode masa ki nemi wani. Idan ya amince, ki ba shi takarda ɗaya da ta ƙunshi kwas ɗin da kike nema, da jami'o'in, da ranakun rufe karɓar fom, da wasu abubuwan da suka faru a ajinsa waɗanda za su tuna masa da ke. Abin da bai halatta ba shi ne ki rubuta wasiƙar da kanki ya sa hannu, ko da shi ne ya ce ki yi hakan saboda ayyuka sun yi masa yawa. Waɗanda ke karanta dubban fayiloli suna gane salon rubutu, kuma idan muryar wasiƙar ta yi kama da ta maƙalarki, wato rubutun da kike yi a kan kanki a cikin fom, shakku zai shafi fayil ɗin baki ɗaya. Mafi muni shi ne abin da wasu masu shagon intanet ke yi, su buɗe adireshin imel da sunan malami su tura wasiƙar da suka tsara. Wannan ha'inci ne, kuma jami'a na da ikon janye gurbin da ta bayar idan ta gano, ko da ɗalibin ya riga ya fara karatu. Wasiƙar da aka sa manhajar kwamfuta ta tsara ita ma tana faɗawa cikin matsalar farko, kalmomi masu daɗi babu ko misali ɗaya na gaske.

Ta fuskar aiki, a ƙarƙashin kowace jami'a a Common App za ki ga adadin wasiƙun da ta wajabta da adadin da ta yarda a ƙara. Ke za ki shigar da sunan mai shaida da adireshin imel ɗinsa, saƙo ya je masa, shi kuma ya ɗora wasiƙar da kansa. Idan makarantarku na da adireshin imel na hukuma, a yi amfani da shi, idan babu, wasiƙar ta kasance a takarda mai tambarin makaranta da lambar wayar da za a iya samun malamin. Ki tuna masa ya duba saƙonnin da imel ke jefawa cikin shara, domin gayyatar kan faɗa can. Kada ya ambaci sunan jami'a ɗaya a ciki, tunda wasiƙa ɗaya ce za ta je duk wuraren da kika sanya shi. Makarantun da ba su da malamin ba da shawara, shugaban makaranta ko mataimakinsa ko malamin aji na iya cike wannan gurbi. Za kuma a tambaye ki ko kin yafe haƙƙinki na ganin wasiƙun, haƙƙin da wata dokar Amurka ta 1974 mai suna FERPA ta ba ɗalibai bayan sun shiga jami'a. Ki yafe, domin wasiƙar da aka san ɗalibi ba zai gani ba ita aka fi gaskatawa. Wa'adin neman gurbi na wuri yakan faɗo ne a farkon Nuwamba, na gama-gari kuma a farkon Janairu, lokacin da makarantunmu ke hutun ƙarshen shekara kuma malamai sun watse, saboda haka ki yi magana da su aƙalla wata guda kafin lokaci, zai fi kyau ma tun farkon zangon farko.

Game da yawa, idan an ba da damar ƙari, ɗaya ta isa. Jami'an da ke karatu mintuna kaɗan suke da su a kan kowane fayil, kuma wasiƙa ta biyar da ke maimaita abin da ta farko ta faɗa tana cinye lokacin da ya kamata a ba maƙalarki. Malamin aji na uku wanda zai faɗi abin da biyun farko suka riga suka faɗa ba ƙari ba ne.

Idan kika duba kika ga babu wanda ya cika wannan sharaɗi, ki bar gurbin ba tare da fargaba ba, domin jami'ar da ta ce ganin dama ne ba ta rage wa ɗalibi maki don bai tura ba, ki mayar da ƙarfinki kan maƙalarki da rahoton makaranta. Inda ƙa'idar wata jami'a ta shige miki duhu, ki rubuta wa ofishinta na ɗaukar ɗalibai tambaya kai tsaye, ko ki tuntuɓi cibiyar EducationUSA da ke Abuja ko Legas, waɗanda aikinsu ne ba masu neman karatu a Amurka shawara. Shi kuma kawunki, taimakon da zai yi miki wanda ya fi wasiƙar ɗan majalisa shi ne ya raka ki wurin shugaban makarantarku, domin a fitar da takardar sakamakonki ta shekarun babbar sakandare a kan lokaci, a kuma ba malaman da za su rubuta miki shaida damar amfani da tambarin makaranta da kwamfutar ofis.